Zafin Teku Kaɗai Ba Ya Haifar da Guguwa

An saba cewa mahaukaciyar guguwar teku 'yar zafi ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai ruwan saman teku ya kai kimanin digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyos, ɗumin ya ratsa zurfin mita 50, kafin isasshen tururi ya tashi. Idan tururin ya hau sama ya koma gajimare, sai ya saki zafin da ya ɗauko, iska ta ƙara yin sama, ta gefe ta rugo ta cike gurbi. Juyawar duniya ce ke murɗa iskar ta riƙa kewaye, shi ya sa da wuya guguwa ta tashi kusa da layin ikweta, inda murɗin ba shi da ƙarfi.

Sai dai wannan bayani bai warware batun lokaci ba. Mashigin tekun Bengal yana da ɗumi kusan duk shekara, amma manyan guguwoyinsa sau biyu suke zuwa: Afrilu zuwa Mayu, sai Oktoba zuwa Nuwamba. Guguwar Bhola, wadda ta hallaka aƙalla mutum 300,000, a Nuwamban 1970 ta auku; Nargis kuwa a Mayun 2008 ta afka wa Myanmar. A tsakiyar damina, ga zafi ga laima, amma iskar sama da ta ƙasa kan saɓa wa juna ƙwarai, su tarwatsa hadarin tun bai miƙe tsaye ba. A ganina wannan saɓani, fiye da zafin ruwa, shi ke yanka wa guguwa lokacinta.

A Tekun Atalantika akwai ƙarin sharaɗi, wato iri. Jerin hadarin da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, wanda manomin Damagaram ko Katsina ke ɗaga kai yana jira, shi ne ke faɗawa teku ta gaɓar Senegal, kuma daga cikinsa akasarin manyan guguwoyin da ke dukan Karebiyan da Amurka suke fitowa. A Yuni da Yuli busasshiyar iskar Sahara mai ƙura kan shaƙe su. Sai ƙurar ta lafa, saɓanin iska ya ragu, teku ya gama ɗaukar zafi, sannan abin ya kai maƙura wajen 10 ga Satumba, duk da cewa a hukumance lokacin ya fara tun 1 ga Yuni.