Mace ɗaya ko mata da yawa: abin da masana suka gano a wajen birai da ɗan Adam

Zaman namiji ɗaya da mace ɗaya ba abu ne da aka saba gani ba a cikin dabbobi masu shayarwa. A 2013, Dieter Lukas da Tim Clutton-Brock na Jami'ar Kambirij sun nazarci jinsuna fiye da 2,500, suka tarar kashi 9 cikin ɗari kacal ke zama bibbiyu. A tsuntsaye adadin ya kusa kashi 90. Dangin birai sun fi sauran masu shayarwa, domin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasu ke irin wannan zama, kamar birin gibon na kudu maso gabashin Asiya.

Jan biri, wanda manoman arewacin Najeriya da kudancin Nijar suka daɗe da sani saboda ɓarnar gona, ba ya cikinsu. A mafi yawan shekara namiji ɗaya ne ke cikin garken mata, kuma nauyinsa ya kusa ninka na mace. Masana suna ɗaukar wannan tazarar girma a matsayin alamar kokawa tsakanin maza. Haka abin yake a wajen gorila. A gibon kuwa, namiji da mace kusan kai ɗaya suke.

Kan dalilin da ya sa wasu jinsuna suka koma zaman bibbiyu, masana sun rabu. Lukas da abokin aikinsa suka ce mata ne suka warwatsu wajen neman abinci, kowace da yankinta, har namiji ya kasa tsare fiye da ɗaya. A wannan shekarar dai, Christopher Opie da abokansa suka nazarci jinsunan birai 230, suka danganta abin da kisan jarirai: baƙon namiji kan kashe jinjirin da ba nasa ba don uwar ta yi saurin komawa haihuwa, saboda haka uban da ya tsaya kusa ya fi tsira da 'ya'yansa. Bangarorin biyu sun yarda cewa renon uba daga baya ya zo.

Jikin ɗan Adam ya fi karkata ga gibon. Namiji bai fi mace nauyi da yawa ba, kuma fiƙoƙinsa ƙanana ne. Ƙasusuwan Ardipithecus da aka tono a Habasha, masu shekaru kimanin miliyan 4.4, su ma ƙananan fiƙoƙi ne da su, abin da Owen Lovejoy ya fassara da raguwar faɗan maza, ko da yake ba kowa ya yarda da shi ba. Sai dai tarihin al'adu ya ba da wani hoton: kusan kashi 85 na al'ummomin da George Murdock ya tattara bayanansu sun halatta mata fiye da ɗaya, amma ko a cikinsu yawancin maza mace ɗaya suke da ita, don abin na mai hali ne.

Wannan ya sa gidan mai mata uku a Babura ko Kazaure ya bambanta da garken jan biri. Kowace mata da igiyar aurenta, da sadakinta, da kwananta, kuma an san uban kowane yaro. Ɗorarriyar alaƙa tsakanin mutum biyu ita ce tushen. Adadin kuma addini da doka da dukiya ke yanke shi. Musulunci ya tsayar da shi a huɗu bisa sharaɗin adalci, Dokar Aure ta tarayya kuma ɗaya ta sani. Cibiyar Pew ta ƙiyasta a 2019 cewa kashi 28 na 'yan Najeriya da 29 na 'yan Nijar suna zaune a gidajen da ke da kishiyoyi, alhali a duniya kashi 2 ne.

Muhawarar da ta fi shafar matasa ta tattalin arziki ce. Joseph Henrich da abokansa sun yi hujja a 2012 cewa idan masu hali suka tara mata, samari marasa ƙarfi ne ke rasa na aure. A Kano ta wani ɓangaren aka ɗauko ta: a 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya nemi a kafa dokar iyali da za ta hana wanda ba zai iya ciyarwa ba ƙara aure, lamarin da ya jawo zazzafar muhawara tsakanin malamai da sauran jama'a.