Maersk: Kamfanin da Uba da Ɗa Suka Kafa da Jirgi Ɗaya

A shekarar 1904, a Svendborg, wani ƙaramin gari na bakin teku a Denmark, tsohon kyaftin Peter Mærsk Møller da ɗansa Arnold Peter suka tara jari suka sayi jirgin ruwa ɗaya rak, shi ma na hannu. Uban ya san teku ciki da bai, don a kanta ya yi ƙuruciyarsa har ya tsufa. Ɗan kuwa, mai shekara 28, lissafi da ciniki ya iya, mutum ne mai bin diddigi, ba ya barin ƙaramin abu ya wuce shi. Sanin uba da taka-tsantsan na ɗa su ne jarin gaskiya.

A 1928 suka fara jigila mai tsayayyen lokaci daga Amurka zuwa Gabas Mai Nisa ta mashigin Panama, da kayan gyaran motocin Ford cikin lodin farko. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci jirage da matuƙa masu yawa, amma aka sake tashi.

Zamanin da ya fi burge ni shi ne na jikan kyaftin, Mærsk Mc-Kinney Møller, wanda ya karɓi ragama a 1965. Ba su ne suka ƙirƙiro kwantena ba, kuma ba su yi gaggawar shiga harkar ba. Sai da suka auna, suka sake aunawa, sannan a 1975 jirgin Adrian Maersk ya tashi daga Newark da kwantenoni. Da suka shiga kuwa, da ƙafar dama suka shiga: suka saye Sea-Land a 1999, P&O Nedlloyd a 2005. Kutsen kwamfuta na 2017 ya tsayar da aiki na kwanaki, ma'aikata suka riƙe shi da takarda da biro. A 2022 kamfanin jiragen ruwa na MSC ya wuce shi a ƙarfin ɗaukar lodi, sai dai lokacin Maersk ya riga ya karkata ga rumbunan ajiya da jigilar tudu.

A nan gida kuwa, tun 2006 reshensa APM Terminals ke gudanar da tashar kwantena ta Apapa. Ɗan kasuwar Kwari mai jiran yadi daga Sin, da mai fitar da riɗi ko zoɓo, kowa ya san asarar da jinkirin mako guda ke jawowa. Su ne suka fi kowa buƙatar kamfanin da zai sa rana ya cika ta.