Ina Aka Samo Kuɗin Asibitin Jami'a?

Wani manomi daga Funtuwa ya aiko da takarda yana tambaya: don me jami'a ke karɓar kuɗin asibiti wurin ɗansa duk shekara, alhali yaron ko ciwon kai bai yi ba?

To Malam, abin ya daɗe. A shekarar 1861 wata kwaleji a Amurka mai suna Amherst ta ɗauki likita, Edward Hitchcock, ta danƙa masa kula da lafiyar ɗalibanta. Wasu makarantu suka yi koyi, har a 1920 suka kafa ƙungiya guda. Mu nan kuwa, an buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, Sardauna ya kafa ta Zariya a 1962, kowace da asibitin ɗalibanta.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. Wanda ya sari buhu ba ɗaya yake da mai sayen mudu ba. Albashin likita da na'urar gwajin jini da motar ɗaukar marasa lafiya, kuɗinsu bai canzawa, ko mutum ɗari suka zo ko dubu. In ɗalibai ɗari biyar za su ɗauki nauyin, ya yi masu yawa. In dubu talatin ne, kowa ɗan kaɗan zai sa. Magani ma kwali-kwali ake sarowa. Sa'an nan ba rana ɗaya duka za su kwanta ba, sai kuɗin mai lafiya ya yi jinyar maras lafiya, baɗi kuma ta juya.

Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, ga ɗalibai sai ƙaruwa suke yi. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, ta fara aiki a 2005, daga baya aka fito da shirin TISHIP na ɗaliban manyan makarantu. A 2022 aka sake dokar, inshora ta zama dole.

Amma fa yawa na da iyakarsa. In an ƙara ɗalibai ba a ƙara likita ba, arahar ta koma dogon layi, yaro ya wuni da zazzaɓi a kan benci, ƙarshe ya tafi kemis ya sake biya. A ganina nan ne iyaye ke da haƙƙin tambaya. Ka ce wa yaron ya yi rajista a asibitin tun makon farko, ya karɓi katinsa, ya adana rasiti.