Adobe Creative Suite

Adobe Creative Suite, wanda ake taƙaitawa da CS, ƙunshi ne na manhajojin zane, gyaran hoto, tsara littattafai, tace bidiyo da gina shafukan intanet, wanda kamfanin Adobe da ke San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka ya riƙa sayarwa daga 2003. Kafin fitowarsa, yawanci mai sana'a kan sayi kowace manhaja daban. Ƙunshin ya haɗa su a kwali ɗaya da lasisi ɗaya, a kan farashin da bai kai na sayensu ɗai-ɗai ba. A 2013 kamfanin ya daina sabunta shi, ya koma tsarin haya mai suna Creative Cloud.

Tarihi

John Warnock da Charles Geschke ne suka kafa Adobe a Disamban 1982. Ba shi ya fara haɗa manhajojin zane wuri guda ba: tun 1992 kamfanin Corel na Kanada ya sanya Photo-Paint cikin CorelDRAW 3.

Bugun farko na CS ya shiga kasuwa a Oktoban 2003, kashi biyu. Na Standard ya ƙunshi Photoshop don gyaran hoto, Illustrator don zanen tambari, da InDesign don tsara shafukan jarida da littafi. Na Premium ya ƙara da Acrobat da GoLive. CS2 ya biyo baya a 2005. A Disamban wannan shekara Adobe ya kammala sayen abokin hamayyarsa Macromedia a kan kimanin dala biliyan 3.4, ya mallaki Flash, Dreamweaver da Fireworks. Waɗannan suka shiga CS3 a 2007, wanda ya fito kashi shida, mafi girmansu Master Collection. Daga nan sai CS4 a 2008, CS5 a 2010, CS5.5 a 2011, da CS6 a Mayun 2012, wanda shi ne na ƙarshe. An sanya wa Master Collection na CS6 dala 2,599.

Amfanin haɗawar

Babban amfanin shi ne aiki ya riƙa wucewa daga wannan manhaja zuwa waccan ba tare da an sake fasalinsa ba. Hoton da aka gyara a Photoshop yakan shiga InDesign kai tsaye, haka ma mai tace fim kan ɗauko aikin After Effects zuwa cikin Premiere Pro. Maɓallai da tsarin allo sun yi kama da juna, wanda ya iya ɗaya ba ya shan wahalar koyon ta biyu.

Kamfanin ma ya ci riba. Wanda ya zo sayen Photoshop da Illustrator sai ya ga InDesign ta zo masa kusan kyauta. Wannan na cikin dalilan da suka sa ta ƙwace kasuwar tsara jaridu daga hannun QuarkXPress.

Komawa haya

A ranar 6 ga Mayu, 2013, Adobe ya sanar cewa ba za a yi CS7 ba. Mai son sabon bugu sai ya biya dala 49.99 duk wata, kuma ranar da ya daina biya manhajojin su rufe. Dubun-dubatar mutane sun sa hannu a takardar koke ta intanet, amma kamfanin bai janye ba, kuma a Janairun 2017 ya daina sayar da CS6.

Masu goyon bayan hayar suna cewa ta rage kuɗin farawa. Masu suka kuwa suna cewa kayan aro ba ya rufe katara, domin mai sana'a ba ya mallakar abin da yake cin abinci da shi. A Oktoban 2019 Adobe ya ce zai rufe asusun masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba. A Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta kai shi kotu, tana zargin ya ɓoye tarar da ake cajin wanda ya fasa hayar kafin shekara ta cika.

A ƙasar Hausa

A Kano, Katsina, Daura da sauran garuruwan Arewa, Photoshop sananniya ce a shagunan ɗaukar hoto, yayin da masu tace finafinan Kannywood da bidiyon biki ko hawan Sallah da dama ke aiki da Premiere Pro. A maɗaba'u kuwa, inda ake buga katin gayyata, kalanda da fastocin siyasa, CorelDRAW ta fi karɓuwa.

Haya da dala ta yi wa ƙananan masu sana'a nauyi. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun taƙaita abin da za a kashe a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, adadin da bai kai rabin kuɗin hayar ba, sannan darajar naira ta faɗi ƙwarai daga Yunin 2023. Saboda haka wasu suka tsaya a kan tsofaffin bugu, wasu suka koma kwafin sata, wanda kan zo da cutar kwamfuta, wasu kuma suka rungumi na kyauta irin su GIMP, Inkscape da DaVinci Resolve.

Rubutu ma na da tasa matsalar. Ba kowane salon haruffa ke da ɓ, ɗ da ƙ ba, shi ya sa ake yawan ganin fastocin Hausa babu lanƙwasa. Masu buga Larabci da ajami kuwa sun buƙaci bugun Gabas ta Tsakiya na InDesign, wanda ke rubutu daga dama zuwa hagu.