Gidan da Waya Ba Ta Taɓa Shiga Ba: Wudil da Tarihin Intanet na Gida

A Amurka, tarihin intanet na gida labarin wayoyi biyu ne da suka yi zaman kishi a gida ɗaya. Uwargida ita ce siririyar wayar jan ƙarfe ta kamfanin tarho. Amarya kuwa kebul ɗin talabijin ne mai kauri. A ƙarshen shekarun 1990 kowacce ta koyi ɗaukar intanet, amma kebul ya fi gudu, don tun asali hotuna aka yi shi ya ɗauka, ita kuwa wayar tarho murya kawai aka nufa da ita. Da kamfanonin tarho suka ga masu gida suna juya musu baya, sai suka koma haƙa ƙasa. A 2005 Verizon ya shiga sayar da Fios, wato zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, wanda ake kira faiba, har cikin gida. AT&T ya biyo baya a 2006 da dabara mai rahusa: faiba zuwa bakin unguwa, tsohuwar waya ta ƙarasa sauran.

Wannan labari bai dace da Wudil ba, domin a mafi yawan gidajen garin babu uwargida, babu amarya.

Ga yadda aka yi haka. A 1985 gwamnati ta haɗa sashen tarho na P&T, hukumar da talakawa suka sani da gidan waya, da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka samar da NITEL. Bayan shekara 16, layukan da ke aiki a ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a fiye da miliyan 100, kuma akasarinsu a ofisoshi da manyan unguwannin birane suke. Yunƙurin sayar da kamfanin ya yi ta cin tura. An damƙa shi ga Pentascope a 2003, an sayar wa Transcorp a 2006, an soke cinikin a 2009, kafin NATCOM ya sayi abin da ya rage a kan dala miliyan 252, ya buɗe ntel a 2016. A shekarun da kamfanonin Turai da Amurka suke tatsar intanet daga tsoffin wayoyinsu, na Najeriya suna ruɓewa a ƙasa, wasu kuma ɓarayi sun tone.

Kebul ɗin talabijin kuwa bai taɓa kafuwa a Arewa ba. DStv ta faranti take zuwa daga tauraron ɗan'adam, GOtv da StarTimes ta eriya. Dukkansu kawo hoto suke yi, ba sa mayar da saƙo, saboda haka ba su zama hanyar intanet ba.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. A shekarar ce jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda tun 2022 take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ta buɗe ƙofa. Ke nan ɗaliban garin da malamansu, da na makarantar horar da jami'an 'yan sanda, da dillalan kara masu tura hoton sa ga mai saye a Kudu ranar Juma'a, duk ta iska suka san intanet: daga modem ɗin da ake soka wa kwamfuta, zuwa MiFi na aljihu, zuwa wayar hannu da ake kunna wa sauran mutanen gida. Abin da ake kira intanet na gida a nan, intanet na aljihu ne da aka ajiye a kan tebur.

Sai dai iska ba ta raba kowa da waya ba. Kowane dogon ƙarfen sabis yana buƙatar abin da zai haɗa shi da sauran duniya, kuma asalin hanyar a bakin teku take. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google kuma ya sauka a 2022. Daga can zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kowace mita kuma sai an haƙa, sai an biya kuɗin izinin hanya. A nan gizo yake saƙar. An amince tun 2013 cewa kuɗin ya zama naira 145 a kan mita, amma jihohi da dama suka yi kunnen ƙashi, har sai da minista Isa Ali Pantami ya sake tayar da maganar da gwamnoni a 2020. A shekarar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna ta yafe gaba ɗaya. Lissafin ba shi da wuya. Nisa irin na Kano zuwa Wudil, kimanin kilomita 40, zai ci naira miliyan 5.8 a farashin da aka amince, a tsohon farashin Ekiti kuwa miliyan 180, tun ba a sayi zare ko taku ɗaya ba. Bayan an binne kuma, motocin aikin hanya sukan tsinke shi, abin da ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare.

Kishiyar da ta tayar da kamfanonin daga barci daga sama ta sauko. MTN ya biya dala miliyan 273.6 a gwanjon 5G na Disamban 2021, ya fara a birane bakwai a 2022, har da Kano, yana tallar akwatin intanet na ɗaki. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2023, Starlink na Elon Musk ya fara aiki a Najeriya kafin kowace ƙasa a Afirka. Ba ya neman izinin hanya wurin gwamna, ba ya jiran rami ya iso; faranti a kan rufi da wutar sola sun wadatar. Kafin ƙarshen 2024 ya zama na biyu a yawan masu hulɗa cikin kamfanonin intanet zalla, bayan Spectranet. Tsadarsa ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, amma waɗanda yake ɗauka, wato asibitoci masu zaman kansu, makarantu, 'yan kasuwa da manyan malamai, su ne ainihin mutanen da kamfanin waya zai dogara da su idan zai ja faiba zuwa ƙaramin gari. Airtel ya fito da nasa 5G a tsakiyar 2023, MTN kuma ya sabunta faibar gidajensa da sunan FibreX a 2025, shekarar da NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin gudun megabit 25 a birni, 10 a karkara. Wudil ta faɗa tsakiya: tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tana da jami'a da kasuwar da ake zuwa daga nesa, amma gidajenta ba su da cunkoson masu biya irin na Nasarawa ko Bompai. Ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani tana shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa. Wannan zai iya kawo babban zare bakin gadar Wudil. 'Yan mitocin da ke tsakanin bakin titi da zauren gida kuwa, kamfani ne zai haƙa su da kuɗinsa, bayan ya ƙirga gidaje nawa ne a layin za su iya biya duk wata.