Tarihin Ɗaukar Nauyin Yara Daga Nesa da Darussan da Ke Cikinsa Gare Mu

 

Kusan a kowane taronmu na shekara sai an ta da maganar yaran gida da ke barin makaranta saboda rashin mai riƙe musu hannu. Daga cikin shawarwarin da ake kawowa akwai cewa kowane mai hali ya ɗauki nauyin yaro guda. Wannan dabara ta daɗe a duniya, kuma ƙungiyoyin Kirista na ƙasashen Turai da Amurka ne suka fi kowa aiki da ita. Tun da waiwaye adon tafiya ne, ya kamata mu san yadda abin ya faro, inda ya yi amfani, da inda ya jawo ɓarna, kafin mu jefa ƙafa.

Mafarin al'amarin

Bayan da Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa tare jiragen bayi a teku suna sauke mutanen a Saliyo. Cikin waɗanda aka 'yanto akwai yara da yawa da ba su san inda iyayensu suke ba. Ƙungiyar mishan ta CMS, wadda aka kafa a 1799, ta nemi masu hali a Ingila su riƙa biyan fam 5 a shekara domin ci da karatun yaro guda, wanda ya biya kuwa sai a raɗa wa yaron sunan da ya zaɓa. Raɗa wa 'yantattun yara sunayen Turawa ya zama ruwan dare a lokacin. Ajayi, yaron nan Bayarabe da ya zama Bishop a 1864 kuma ya yi aiki a yankin kogin Kwara, an yi masa baftisma a 1825 da sunan Samuel Crowther, wani limamin coci a Landan. Yaran sun sami ilimi, amma da yawansu sun rasa sunan da iyaye suka sa musu, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A nan Arewa ma an ga mai kama da haka. A 1909 mishan ɗin SUM ta buɗe gidan renon 'yantattun yara a Rumasha, kusa da kogin Binuwai, aka sa masa sunan Lucy, marigayiya matar Karl Kumm wanda ya kafa mishan ɗin. Daga baya aka mayar da gidan Wukari.

Yaƙe-yaƙe ne suka raini dabarar

Tsarin da aka sani a yau, wato a ba mutum hoton yaro da sunansa ya riƙa biyan kuɗi wata-wata, yaƙi ne ya haife shi. A 1919 Eglantyne Jebb da 'yar uwarta Dorothy Buxton suka kafa Save the Children a Landan domin yaran Jamus da Ostiriya da yunwa ta galabaitar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, wani ɗan jarida Baturen Ingila mai suna John Langdon-Davies tare da Eric Muggeridge suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira Plan International, bisa tunanin cewa kowane yaro ya san akwai wani takamaiman mutum da ya damu da shi. Waɗannan biyu ba ƙungiyoyin coci ba ne, amma su suka share hanya.

A 1938 wani fasto mai suna J. Calvitt Clarke ya kafa asusu a birnin Richmond na Amurka domin yaran ƙasar Sin da yaƙi da Japan ya raba da gidajensu. A 1951 asusun ya koma Christian Children's Fund, a 2009 kuma aka sake masa suna ChildFund.

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 shi ne ya bunƙasa al'amarin. Bob Pierce, wani mai wa'azi Ba'amurke, ya kafa World Vision a 1950. Labarin da ƙungiyar ke bayarwa shi ne, tun a 1947 a ƙasar Sin ya miƙa wa wata shugabar makarantar mishan dala 5 da suka rage masa domin ta riƙe wata yarinya da aka kora daga gida, ya yi alkawarin aiko da irinsu kowane wata. A 1953 ƙungiyar ta fara haɗa marayun Koriya da masu ɗaukar nauyi. Haka kuma Everett Swanson, wanda ya je Koriya a 1952 domin yi wa sojoji wa'azi, ya ga marayu suna kwana a titi cikin tsananin sanyi, ya koma gida ya fara tara kuɗi. Aikinsa ne ya zama Compassion a 1963. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar ta rufe aikinta na tallafi a Koriya ta Kudu a 1993, kuma a 2003 mutanen ƙasar suka shiga sahun masu ɗaukar nauyin yaran wasu ƙasashe. Mai karɓa jiya ya zama mai bayarwa.

Yadda tsarin ke tafiya

Me ya sa dabarar ta karɓu haka? Dalili shi ne zuciyar ɗan Adam ta fi motsuwa da fuska guda a kan lissafin dubbai. In an ce mutum dubu ɗari na fama da yunwa sai a yi tsaki a wuce, in kuwa aka nuna hoton yarinya guda da sunanta sai hannu ya shiga aljihu. Wasiƙu ne ke riƙe zumuncin: yaro ya rubuta da harshensa, ma'aikata su fassara, mai ɗaukar nauyi ya amsa.

Da farko kuɗin gidajen marayu suke tafiya. Daga shekarun 1970 aka fara gane cewa yawancin yaran da talauci ya dama suna da iyaye ko dangi, kuma barinsu a gida ya fi alheri. Daga nan hanya ta rabu biyu. World Vision da Plan suka koma haɗa kuɗin wuri guda ana yi wa gari duka aiki, kamar rijiya da ɗakin shan magani da ajujuwa, yaron da ke cikin hoton ya zama tamkar wakilin garinsu. Compassion kuwa ta tsaya a kan yaro ɗaya ɗaya, tana aiki ta hannun cocin da ke garin, inda ake biyan bukatun makaranta da magani, ana kuma koyar da addini.

Suka da bincike

Ba a rasa masu suka ba. A 1982 mujallar New Internationalist ta Ingila ta keɓe fitowa guda tana roƙon jama'a kada su ɗauki nauyin yaro ta wannan hanya. Hujjojinta su ne: ɗaukar hoto da fassara wasiƙu na cin kuɗi mai yawa, fifita yaro guda na haddasa hassada a cikin gida, kuma tilasta wa yaro rubuta godiya kullum na sa masa jin ƙasƙanci. A 1998 jaridar Chicago Tribune ta sa ma'aikatanta suka ɗauki nauyin yara ta hannun wasu manyan ƙungiyoyi, sannan suka bi sawu. Cikin abin da suka tarar har da wata yarinya a ƙasar Mali da ta riga ta rasu, amma ba a sanar da mai biyan kuɗin ba. Wannan tonon silili ya tilasta wa ƙungiyoyin gyara yadda suke bin diddigin yara.

Akwai kuma batun addini, wanda a ƙasa irin tamu ba a wasa da shi. Inda aka haɗa taimako da wa'azi, zargi ba ya ƙarewa cewa ana sayen imanin talaka da abinci. A 2017 Compassion ta rufe aikinta a Indiya bayan gwamnati ta toshe hanyar shigo mata da kuɗi daga waje, yara kimanin 145,000 suka rasa tallafi a lokaci guda. Duk wanda ya jingina da bangon wani, ranar da aka rushe bangon tare za su faɗi.

Duk da haka, adalci ne a faɗi alherin abin. A 2013 wani masanin tattalin arziki, Bruce Wydick, da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mutane sama da 10,000 a Bolibiya, Gwatamala, Indiya, Kenya, Filifin da Yuganda. Sun kwatanta manyan da Compassion ta ɗauki nauyinsu suna yara da 'yan uwansu da ba a ɗauka ba. Sun gano cewa waɗanda aka ɗauka sun ƙara shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a makaranta, sun fi kammala sakandare, sun kuma fi samun aikin albashi. Masu binciken sun danganta wani ɓangare na nasarar da ɗaga burin yaro, wato ya yarda cewa shi ma zai iya zama wani abu. Mu da muka yi shekaru a aji mun san gaskiyar wannan: yaron da ya san akwai mai tambayar sakamakonsa ba ya zama kamar wanda ba mai tambaya.

Ziyara da haɗarinta

Da tafiya ta jirgin sama ta yi sauƙi, masu ɗaukar nauyi suka fara zuwa ganin yaran da ido, domin gani ya kori ji. Ziyarar kan ƙarfafa zumunci, amma ta buɗe ƙofar da miyagu ke iya bi. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin suka kafa sharuɗɗa: sai an binciki halin baƙo, sai da yardar iyaye, sai da rakiyar ma'aikaci, kuma ba a barin baƙo ya keɓe da yaro.

Inda babu irin wannan tsaro an ga abin takaici. A Kambodiya, wani bincike da aka fitar a 2011 ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, alhali yawancin yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Kuɗin baƙi masu tausayi ne ya mai da maraici sana'a. A maƙwabciyarmu Chadi, a 2007 aka kama wasu Faransawa 'yan wata ƙungiyar agaji a Abeche suna shirin ficewa da yara 103 da sunan marayun Darfur, bincike kuwa ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 an tsare Amurkawa 10 'yan wani coci a kan iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba. A 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bautar zamani. Ƙungiyoyin da kansu sun ci gaba da gyara: a 2019 World Vision ta ɓullo da tsarin da yaro ne ke duba hotunan manya ya zaɓi wanda zai ɗauki nauyinsa.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, riƙon ɗan wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla a gidan kawu ko gwaggo ko wani malami suka yi karatu, kuma Musulminmu da Kiristanmu duk addini ya hore mu da kula da maraya. Abin da waɗancan ƙungiyoyi suka fi mu shi ne tsari: rajista, da biya a kan lokaci, da bin sawu. Tun daga shirin UPE na 1976 har zuwa dokar UBE ta 2004 ana cewa karatun firamare kyauta ne, amma mun sha ganin yaro mai ƙwazo ya zauna a gida saboda kayan makaranta, ko littattafai, ko kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. Abin da ke tsayar da shi sau da yawa bai kai abin da ɗayanmu ke kashewa a biki guda ba.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Na farko, kwamiti ne zai zaɓi yara, da hannun shugabannin makarantu da masu unguwanni, bisa bukata, ba tare da duba gida ko addini ba. Na biyu, kuɗi su bi ta asusun ƙungiya zuwa makaranta, a karɓi rasit, a karanta lissafi a taron shekara. Na uku, yaro ya zauna a hannun iyayensa da sunansa da addininsa. Kada a ɗauke shi zuwa birni da sunan karatu ya ƙare a aikatau. Na huɗu, a ware wani kaso domin makarantar baki ɗaya, kamar kujeru da alli da gyaran rufi, don kada a bar sauran yara da kallo. Na biyar, wanda ya ɗauka ya yi alkawarin kai yaron ƙarshen zango, domin yankewa a tsakiya ta fi rashin farawa ciwo. Na shida, in mun zo gida hutun Sallah ko Kirsimeti mu ziyarci yaran a gaban iyayensu da malamansu, mu duba littattafansu, mu bar ɗaukar hotonsu cikin tsumma muna yaɗawa a waya. Talaka ma yana da mutunci.

Mutanen da muka ambata a sama sun ɗauki nauyin yaran da ba su san harshensu ba, da teku a tsakaninsu. Mu kuwa tafiyar yini guda ce ta raba mu da namu, mun san iyayensu da kakanninsu, kuma zumunta a ƙafa take. Muna roƙon kowane reshe ya tattauna wannan batu ya zo da matsayarsa a taro mai zuwa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, Ya ƙara wa garinmu zaman lafiya da albarka, amin.