Jiki da Hali: Tarihin Bayanin Ɗabi'ar Mutum ta Hanyar Halitta

Akwai wata mazhaba a ilimin halayyar ɗan Adam wadda ke neman dalilin hali a cikin jiki: a ƙwaƙwalwa, da jijiyoyi, da sinadaran da ke yawo a jini, da abin da mutum ya gada. Tushenta ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Duk wanda ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko ya dubi yaro mai zafin rai ya ce "jinin kakansa ne", ya riga ya leƙa ƙofarta. Abin da masana suka ƙara shi ne awo da gwaji.

Ana fara tarihinta da likitan Girka Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Buƙrat. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, makarantarsa ta koyar da cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce kamar sauran cututtuka, alhali jama'ar lokacin na ɗora ta a kan abubuwan da suke bauta wa. Jalinusu ya ɗora da bayanin ruwaye huɗu na jiki, waɗanda rinjayen ɗaya ke sa wani zafin zuciya, wani sanyin hali. Ta hannun likitocin Musulunci irin su Arrazi da Ibn Sina (980–1037) wannan ilimi ya ratso Sahara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan ciwon ido da basir, kuma har yau mai magani a kasuwar Faskari da ke kudancin Katsina yana raba cuta gida biyu, ta zafi da ta sanyi.

Hujjar farko mai ƙarfi ta zo ne ta hanyar haɗari. A 1848 wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa ta fita ta tsakar kansa. Ya rayu, yana magana yana tafiya, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar da gajen haƙuri. A 1861 Paul Broca a Faransa ya nuna wani wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa wanda in ya lalace, furta magana ke gagara. Daga nan abubuwa suka biyo juna da sauri. Cajal na Sifaniya ya tabbatar cewa ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyin jijiya ce masu zaman kansu, Otto Loewi ya nuna a 1921 cewa da sinadari jijiya ke aika saƙo, kuma a 1952 likitoci a Paris suka fara ba masu taɓin hankali chlorpromazine. Wannan magani ya kwance sarƙa daga ƙafafun mutane da yawa.

Sai dai mazhabar tana da tabon da bai kamata ɗan Afirka ya rufe ido a kansa ba. Francis Galton, wanda ya fara nazarin tagwaye a 1875, shi ne ya kafa aƙidar tace iri, wato hana waɗanda aka raina haihuwa. J. C. Carothers, likitan gidan mahaukata na Mathari a Nairobi, ya kwatanta tunanin baƙar fata da na Baturen da aka yanke wa gaban ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafinsa a 1953. Son zuciyar mulkin mallaka ne aka sa wa rigar kimiyya. Wanda ya mayar da martani mai nauyi shi ne Thomas Adeoye Lambo. Daga 1954 a Aro, kusa da Abeokuta, ya riƙa ba marasa lafiya magungunan asibiti, amma ya zaunar da su a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Binciken tagwaye da aka yi daga baya ma ya nuna cewa gado kaɗai bai isa bayani ba: in ɗaya daga tagwaye masu kama ɗaya ya kamu da cutar schizophrenia, yiwuwar ɗan'uwansa ya kamu ba ta wuce kusan rabi ba, alhali gadonsu ɗaya ne tsaf.

A kudancin Katsina, bayanin jiki ya tarar da wasu bayanan sun daɗe da zama: iskoki, da sammu, da jarrabawar Ubangiji. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan yankin Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, a farkon shekarun 1970, ya lura cewa majinyaci kan bi malam da boka da asibiti ba tare da damuwa da saɓanin bayanansu ba, lafiya kawai yake nema. Haka abin yake har gobe. Kafin a kai mutum daga Sabuwa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, galibi an sha rubutu an yi ruƙya. Inda wannan ilimi ya fi amfani a nan shi ne farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita, kuma ƙwaya mai araha irin phenobarbital na iya tsayar da faɗuwar ga da yawa. Abin takaici ne a ce har yanzu yaro na faɗuwa kusa da murhu mutane na ja da baya.

Yankin ya kuma ga yadda muhalli ke shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye. A 2010, can Anka da Bukkuyum a maƙwabciyar jiha Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara aƙalla 400, ta bar wasu da raunin koyo da farfaɗiya. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai suna barin irin wannan tabo. Kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, da tiramol, suna aiki ne a hanyoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa zafi da jin daɗi, shi ya sa "ka daina mana" ba ta isar wanda ya kamu.

Sai tsoro. Tun 1915 Walter Cannon ya bayyana yadda firgita ke sakin adrenaline, zuciya ta buga, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Shiri ne na ɗan lokaci. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa inda aka shekara ana kwana a daji saboda 'yan bindiga, da Ƙanƙara inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya a daren 11 ga Disamba 2020, jiki na iya kasa komawa daidai bayan haɗari ya wuce: rashin barci, zabura da ƙarar babur, fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da bari. Likitoci sun ba wannan ciwo suna a hukumance a 1980, kuma ana maganinsa da zama da mai ba da shawara, wani lokaci da ƙwaya. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, amma likitocin wannan fanni na zaune ne a manyan birane, nesa da waɗannan ƙananan hukumomi uku.